Injin da Ka Aiko wa Sani

Assalamu alaikum Yaya Habibu,

Ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya aiki, ya zaman Fatakwal? Mu nan Gwarzo lafiya lau, Inna ma ƙafar da sauƙi.

Injin fasa kankaren da ka aiko wa ƙaninmu Sani ya iso. Daɓen simintin nan mai tura ruwan sama ɗakin Inna, tun bazara nake dukansa da guduma, na ci fiye da rabi, hannuna duk ya yi kanta. Sani ya zo da ɗan injin nasa mai araha, ya ta da janareta, kafin la'asar ya ƙarasa.

Yanzu duk wanda ya shigo, sai Inna ta ce, "Sani ne ya raba ni da ruwa, Allah ya yi masa albarka." Ni kuwa cewa ta yi in kwashe ɓaraguzan.

Yaya, ni fa na kawo maka kukan daɓen nan. Me ya sa shi ka aiko wa?

Ka gaida yara. Ka sa ni a addu'a, don wallahi da ƙyar nake amsa gaisuwar yaron nan.

Ƙaninka,
Musa