Gadon Baba ba ya kallon gabas

Daren Laraba, unguwar Dogo Tebo

Na kasa cin tuwon nan. Yau ma Baba, buƙatarsa ɗaya ce: a kwantar da shi a ɓarin dama, fuskarsa na kallon gabas. Tunda jikinsa ya shanye bai taɓa roƙona komai ba sai wannan, ni kuwa na gaza.

Gidan tsofaffin da Baba yake ciki masaukin direbobi ne a da, ɗakunan kamar akwati, kowanne da banɗakinsa a ciki. Gadon ƙarfen ya cika bango guda. In ya kwanta a dama, yamma yake kallo. Ni da Mama Rifkatu mai jinyarsu muka ciccibe shi, muka mayar da kansa wajen ƙafa. Ya samu gabas, amma kansa ya koma bakin banɗaki. Ya ce, "Hauwa, a nan zan ambaci sunan Allah?" Muka mayar da shi.

Na roƙa a shimfiɗa masa tabarma a baranda. Mama Rifkatu ta ce, "'Yata, nan ce kaɗai hanyar keken guragu, ga sauro." Gaskiyarta ce, amma sai da na ɗaga mata murya. In kawo shi gidana? Ɗaki ɗaya, ni da yara huɗu, ga aiki.

Da zan tafi ya riƙe bakin mayafina, yana lallashina. Wai ni yake lallashi!

"Bar wahalar da kanki. A kabari ai za su juya ni daidai."

Ya Allah, kada ya zama sai can.