Ruwan Ummi

Cikin jirgi, kusa da Falarmo,
Talata, 11 ga Mayu.

Zuwa ga yayata Shadliyya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Si Hamadi da yara, waɗanda na san yanzu sun wuce a kira su yara. Yaya ƙafarki? Shekara bakwai ke nan da na ji labarin ciwonta a bakin wani ɗan unguwarmu, sai yau nake gaishe ki da jiki. Wannan kaɗai ya isa ya tuna miki irin ƙanen da Allah ya haɗa ki da shi.

Munji ne. Na faɗa tun da wuri don kada ki tsaya juya takarda kina neman mai rubutun.

Yaya, na yi ritaya daga tuƙin bas a Marsiliya. 'Yata Sausan ta ce tun da aka haife ta ba ta taɓa ganin na huta ba, sai ta yankar mana tikiti ni da uwarta Wasila a irin manyan jiragen nan na yawon shaƙatawa, masu hawa goma sha biyu, inda ba a komai sai ci da kwanciya a rana. Ban duba garuruwan da za a tsaya ba. Sai da muka bar Barsalona na ɗauki takardar da suke turowa ta ƙarƙashin ƙofa, na ga an rubuta sunan garinmu: Alhamis, Binzart, daga takwas na safe zuwa biyar na yamma. Yarinyar nan ta san abin da ta ƙulla.

Tun ranar abinci ya daina wuce mini. Wasila ta ce, "Ga waya can a ƙasa, je ka kira yayarka." Na ce ba ni da lambarki. Ta ce, "Ji ƙarya da furfura! Tana cikin walat ɗinka bayan hoton Sausan, har takardar ta yi laushi." Gaskiyarta ce. Na zaɓi wasiƙa ne don na san ba za ta riga ni isowa ba. In na kasa zuwa ƙofarki, ba ki zauna jira ba. Kin ga har tsorona ma sai da na yi masa dabara.

Abu ɗaya ke ta dawo mini, kuma kina wurin aka yi shi. Safiyar da na tafi, shekara talatin da huɗu ke nan. Baba ya fita kamun kifi tun asuba don kada mu haɗu, bayan na gaya masa ba zan gaji kwalekwalensa ba, ba zan ƙare rayuwata da ƙarnin kifi a hannu ba. Ummi ta biyo ni bakin ƙofa da ɗan kwanon tagullan nan da kika yar kina ƙarama bakinsa ya lotse, cike da ruwa, za ta zuba a bayana yadda ake yi wa kowane matafiyi don ya dawo. Na juyo na karɓe kwanon daga hannunta, na ɗora a kan taga. Na ce, "Ummi, kada ki ɓata ruwanki, ba dawowa zan yi ba." Ina ɗan shekara ashirin da huɗu, ina jin na yi magana irin ta maza. Hannuwanta dai suka tsaya a buɗe kamar kwanon yana nan.

Baba ya rasu, na ce takarduna ba su fito ba. Ummi ta rasu, na ce aiki. Wasiƙarki ta ƙarshe tana wurina, layi biyu ce: an binne Ummi ranar Talata, ta tambaye ka sau biyu. Shekara tara ban amsa ba, don ban san da wace kalma ake amsa wannan ba.

Jibi zan ga hasumiyar masallacinmu. Ko zan sauka daga jirgin, Allah kaɗai ya sani. Ina jin kunyarki fiye da yadda nake tsoron mutuwa.

Ki gaida Si Hamadi. Na bar ki lafiya.

Ƙanenki,
Munji.


Cikin jirgi, a hanyar Malta,
Juma'a, 14 ga Mayu.

Yaya Shadliyya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa. Ba zan tambayi lafiyarki ba, don na gan ki da idona jiya, na ga kuma yadda kike dafa bango kafin ki miƙe. Allah ya ƙara sauƙi.

Kin san ƙarshen abin, amma ina so ki san farkonsa, ba don in wanke kaina ba.

Na sauka. Sai dai ban sauka a matsayin ɗan unguwarmu Ƙasiba ba. Na shiga ayarin masu yawon buɗe ido, aka manna mini lamba bakwai a ƙirji, na sa baƙin tabarau da wata hula mai sunan jirgin. Wasila ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Sannu Bature. Allah ya sa kada kuliyoyin garin su gane ka." Jagoranmu wani mutumin Tunis ne mai 'yar tuta a hannu, yana ta zuba da Faransanci. Ya nuna mana ganuwar Kasba kamar shi ya gina ta, ya ce masuntan nan ba sa fita ranar Alhamis. Ina jin sa, ban gyara masa ba. Ni da na yi Alhamis nawa ina amai a kwalekwalen Baba.

A tsohuwar tashar masunta komai na nan, Yaya. Jirage masu fentin shuɗi da ja, taru a shanye, gidan shayin da Baba ke zama yana gardamar iska. Sai ga Azzuz, wanda muka yi aji ɗaya da shi, yana sayar da lablabi, dafaffen waken nan namu, cikin burodi a inda ubansa ke sayarwa. Haƙoransa sun zube amma bakin bai mutu ba. Ya kira ni da Faransanci, ni kuma, Allah ya yafe mini, na amsa masa da Faransanci. Yana zuba mini yana ce wa maƙwabcinsa da harshenmu, "Dubi tumbi kamar wata tara. Bari in ɗan ƙara masa yajin harisa mu ga kukan Nasara." Na cinye tas ko ruwa ban nema ba. Ya ce, "Kai! Wannan uwarsa a nan ta yi goyonsa." Suka yi dariya. Ni ma na yi, irin ta wanda bai ji abin da aka ce ba.

Ban san ayarin zai bi ta lungunmu ba. Jagoran ya ce zai nuna mana ƙofofi masu kyau. Muna shan kwana na ga ƙofarmu, na ga mace a kan 'yar kujera tana kankare kifi a daro. Na tsaya cak, don Ummi na gani. Sai da kika ɗago na tuna Ummi tana ƙasa, ke ce kika kai shekarunta. Mutane suka yi ta ɗaukar hoton ƙofar da na yi rarrafe a bakinta.

Kika dube ni. Ba ayarin kika duba ba, ni kika duba. Taku biyar ne tsakaninmu. Abin da ya rage mini in cire hula in ce, Yaya, ni ne. Maimakon haka na ɗaga kyamara na rufe fuskata da ita, na danna. Na ɗauki hotonki, Yaya, kamar yadda suka ɗauki na ƙofa da na kyanwa. Cikin duk abin da na yi miki a shekarun nan, wannan ya fi ci mini rai.

Kika tashi kika shige gida. Na bi ayari. Ban yi taku goma ba na ji ruwa a dugadugaina, ya jiƙa takalmi da ƙafar wando, na kuma ji muryarki: "Wannan na Ummi ne!"

Ban waiwaya ba. Na ji jagoran yana ihu, "Haba Hajiya! Baƙi ne fa! Ruwan kifi a jikin baƙo?" Na ji kin ce masa, "Wuce da tutarka, ɗana. Ni na san baƙo." Wata Bajamushiya ta miƙo mini hankici tana ba ni haƙuri a kan halin mutanen garina. Wasila ta tsaya a baya, sai can ta cim mana idanunta jajur. Har yanzu ba ta ce mini uffan ba, na san kunyar aurena take ji.

Kin yi daidai. Kin rama wa Ummi, kuma ruwan kifi ya yi mini kaɗan. Tunda kin fara, bari in ba ki sauran. Lokacin rasuwarta ba aiki ne ya hana ni ba. An ba ni hutu, na haɗa kaya, na je har tashar Marsiliya. Na zauna a benci ina kallon jirgin Tunis yana lodi har ya tashi. Na kasa tunanin yadda zan shiga lungun nan mutane suna nuna ni, ga wanda ya ƙwace kwano a hannun uwarsa. Na koma gida na ce wa Wasila jirgin ya cika.

Ba neman gafara nake ba, ban kai nan ba. Ba zan ƙara damun ki da takarda ba. Allah ya saka miki da alheri a kan jinyar iyayenmu da kika yi ke kaɗai.

Wanda bai cancanci ya kira kansa ƙanenki ba,
Munji.


Marsiliya,
Lahadi, 23 ga Mayu.

Zuwa ga yayata Shadliyya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina gaida Si Hamadi da yara da jikokin da ban san sunayensu ba. Yaya ƙafa? Na ce ba zan ƙara rubuto miki ba, to ga ni, kin dai san alkawarina. Wasiƙar Malta kuwa, in ta iso, ki hura gawayi da ita.

Jiya muka dawo gida. Yau da hantsi ina kwance kaya na ciro takalman nan, da ma tun ranar na ƙulle su a leda. Zan kai su shara sai Wasila ta tare ƙofa ta ce, "Buɗe." Na buɗe. Ta ce, "Shinshina." Na ce wace irin magana ce wannan. Ta ce, "Shinshina na ce, ɗan masunci! Kwana goma a ƙulle cikin leda. Ka ji ƙarni?"

Yaya, babu ƙarni. Ƙanshin fata ne kawai da ƙura.

Ta ce, "Kai ba ka waiwaya ba, ni na waiwaya. Ba daga daro ta ɗebo ba. Da kwano ta fito daga cikin gida, ɗan ƙarami na tagulla, bakinsa a lotse. Hannu biyu ta riƙe shi."

Na nemi kujera ban samu ba, sai na zauna a kan akwati.

Ta ba ni labarin tsayawarta a wurinki. Wai kin kama hannunta kin ce, "Ke ce Wasila? Sannu da ƙoƙari, 'yar'uwa, kin sha fama. Tun daga bakin lungu na gane shi, hula ba ta ɓoye tafiyar Baba." Wai kin ce Ummi ba ta taɓa sauke kwanon daga tagar nan ba, duk Juma'a tana sake masa ruwa, tana cewa ba laifina ba ne, ruwa ne ba a zuba ba. Da ciwo ya yi tsanani ta ce miki, "In ya zo, ko bai shigo ba, ki zuba masa." Wai kuma kin ce wa Wasila kada ta gaya mini, in ina da kai zan gane. Wasila ta ce, "Kwana goma na ba ka. Ba ka da kai."

Ba ni da shi. Kin ce na Ummi ne, ni kuma na ji ramuwa, don ita nake jira shekara talatin da huɗu. Ni da aka haifa a lungun nan, sai da na bar mutumin Tunis mai tuta ya fassara mini ruwan gidanmu. Na yi kuka yau irin wanda ban yi ba ranar da layi biyunki suka iso. Sausan ta zo ta same ni a kan akwati da takalmi a cinya, ta koma ta ce wa uwarta Baba ya zauce.

Abin da ya fi yi mini nauyi shi ne Juma'o'in nan. Na yi ƙoƙarin ƙirga su na bari. Ina nan ina ce wa mutane ni ba ni da kowa a Binzart, ita tana can tana sake ruwa.

Na yanki tikitin jirgin Tunis, wanda na taɓa zama ina kallo ya tashi. Zan sauka tashar Halƙul Wadi ranar Asabar, biyar ga Yuni, in hau mota zuwa Binzart, in Allah ya so kafin la'asar ina lungu. Na bar kwana goma sha uku a tsakani da gangan, don wannan karon wasiƙar ta riga ni. In ba ki son gani na, kina da lokacin rufe ƙofa, kuma ba zan ga laifinki ba. In kin bari na shiga, ina roƙon ki raka ni wurin Baba da Ummi, don ban san inda suke kwance ba. Gafarar da zan nema ba ta takarda ba ce, da baki zan nema, a tsugune.

Ki ce wa Azzuz Nasaran nan yana tafe, ya tanadi harisa. Ba hula, ba tabarau. Takalman ban jefar ba, da su zan zo.

Wasila da Sausan suna gaishe ki da kyau. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanenki,
Munji.