Sauron Dakta

Litinin, 7 ga Yuli

Yau Dakta ya tura takardun neman tallafi ga Hukumar bincike ta ƙasa. Karo na biyu ke nan, kuma na ƙarshe, don dokarsu ce: aiki ɗaya sau biyu kawai ake duba shi. Ina bakin gado da littafina ya tura. Na zaci zai juyo ya kama hannuna, ya faɗi wata magana da zan adana a raina. Sai ya rufe kwamfutar ya ce, "Amarya, akwai ruwan zafi?"

Na tambaye shi su wa za su karanta. Ya ce malamai uku, ba a faɗin sunansu, har abada ba zai san su ba. Su ba da maki, kwamiti ya jera masu nema daga sama zuwa ƙasa, a yi ta rabawa har inda kuɗin shekara ya ƙare, a ja layi. Bara a ƙasan layin ya faɗo.

Na yi ta ƙoƙarin zana fuskokin mutum ukun nan a raina. Na ba ɗaya furfura da tausayi. Sauran biyun sun ƙi zanuwa.

Asabar, 12 ga Yuli

Yaya ta zo. Ko mayafi ba ta ajiye ba ta fara: "Wai har yanzu mijin naki kiwon sauro yake? Duniya na kashewa, shi yana raino!"

Na yi mata bayani kamar yadda ya yi mini kafin aurenmu. Ba sauron kwata ba ne. Shekara bakwai yana zaɓen waɗanda maganin feshi ba ya kashewa, 'ya'ya da jikoki da tattaɓa-kunne, don ya gano abin da ke jikinsu. Ƙwansu ba ya ajiyuwa. In aka yi 'yan makonni matan ba su sha jini ba, zuri'ar ta ƙare, babu inda za a samo irinta.

A bakinsa maganar ta fi daɗi. A bakina sai ta fito kamar ina kare mahaukaci.

Yaya ta ce kamfanin mijinta na neman mai tallar kayan asibiti, har da mota. "Ki gaya masa kujerar ba za ta tsufa tana jiransa ba."

Ban gaya masa ba.

Alhamis, 24 ga Yuli

An karɓe ɗakin gwajin Dakta a jami'a. Ashe kowane tallafi da Hukuma ta bayar, jami'a na da kasonta a ciki, shi ya sa ɗakin gwaji na mai tallafi ne. Tsohon tallafin Dakta ya ƙare, wata malama mai binciken kifi kuwa nata ya fito. Shugaban sashe ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Dakta, ba ni ba ne, tsari ne." Ya ba shi sito a ƙarƙashin matakala.

Na'urar da ke ɗumama jinin da ake ba sauron ma ta tafi, wai kayan jami'a ce. Na ce to yanzu me za su sha? Ya ce, "Za a san yadda za a yi." Ya ci abinci sosai, abin da ya ba ni tsoro.

Lahadi, 3 ga Agusta

Na gane dalilin riga mai dogon hannu a wannan zafi. Daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu duk ƙuraje ne, sabo a kan tsoho. Hannunsa yake ba sauron su sha.

Na yi kuka. Ya ce sauron a keji aka haife su, ba su taɓa cizon kowa ba sai shi, babu cutar da za su sa masa. Kamar cutar ce damuwata.

Kuma turaren da na saya masa, wanda na ɓoye masa a ƙarƙashin matashi don ya yi mamaki, ashe shi ya sa bai taɓa fesawa ba. Wai ba sa son ƙamshi. Ko sabulu mai ƙamshi ya daina wanka da shi. A duk littattafan da na karanta, ƙamshin jarumi ke riga shi shiga ɗaki. Nawa mijin warin sabulun wanki yake, saboda wasu mata dubu da ke jiransa a ƙarƙashin matakala.

Talata, 12 ga Agusta

Shiru daga Hukuma. Ya ce sai Oktoba, in daina tambaya.

Laraba, 13 ga Agusta

Na kai masa abinci, na ga siton. Ba taga. Keji uku na raga a kan tsohon tebur, farantan ruwa cike da tsutsotsi suna ta mutsu-mutsu, jiƙaƙƙen tawul a rataye don iska ta yi laima. Kan mutum na taɓa bayan matakala, duk ɗalibin da ya hau sai ƙura ta zubo.

Ya nuna mini audugar ruwan sukari da mazan ke sha. Ya ce, "Mazan ba ruwansu da jinin kowa, matan ne matsala." Na ce haka dai maza ke faɗa. Ya yi dariya har ya buge kansa da matakala. Rabon da in ji dariyarsa har na manta.

Da zan fita na hangi tsohon ɗakinsa. An yi sabon fenti, ruwa na ɓulɓula a tankunan gilashi. Malamar ta gaishe ni da fara'a. Na so ta zama muguwa, da na san inda zan ajiye haushina.

Juma'a, 29 ga Agusta

Na gama littafin da nake karantawa. A babin ƙarshe wani kawu da aka manta da shi ya dawo daga ƙasar waje da jakar kuɗi. Na ji daɗi, ban ɓoye ba. Sai na kwanta ina lissafa kawunnan Dakta. Ɗaya direba ne, ɗaya ya rasu.

Laraba, 10 ga Satumba

Zazzaɓi ya kwantar da shi, ciwon haƙori ne ya taso da shi. Likita ya ɗora shi a kan magani, shi kuma ya ce ba zai ba sauron jini mai magani ba, yana tsoron ya lalata zuri'ar. Ranar ba su jini ta wuce. Yana kwance yana kallon silin, kumatu a kumbure.

Na ce zan ba su nawa.

Gaskiya, a hanya har na tsara yadda abin zai kasance. Zai ce a'a, in dage, idonsa ya cika da hawaye. Abin da ya ce kawai shi ne, "Kin shafa mai yau?"

Na wanke hannu da ruwa zalla, na ɗora a kan ragar, ya rufe kejin da baƙin ƙyalle don su zaci duhu ya yi. Da fari shiru. Can sai kamar an watsa mini yashi mai zafi. Ya ce kar in motsa, na cije leɓe ina kallon fuskarsa, ina jiran ya dube ni. Ya ɗaga gefen ƙyallen ya haska da waya.

"Amarya, zo ki ga cikinsu! Jawur! Sun fi son naki."

Shi ne yabo mafi girma da na samu a wannan shekara. Ƙaiƙayi kuwa ba a magana.

Asabar, 20 ga Satumba

Sun yi ƙwai da yawa. Ya dawo da hoto a waya, wasu baƙaƙen ɗigo a kan jiƙaƙƙiyar takarda. Ya ce 'ya'yana ne.

Yaya ta ga hannuna. Ba ta yi faɗa ba. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ke ma kin shiga." Da ma faɗan ta yi.

Litinin, 6 ga Oktoba

Sakamakon Hukuma ya fito. "Aikin ya cancanci tallafi, amma kuɗin bana bai kai kansa ba." Shi ne na farko a ƙasan layi.

Talata, 7 ga Oktoba

Ya karanta mini abin da malaman uku suka rubuta, da irin muryar da ake karanta takardar magani. Na farko ya ce aiki ne da ƙasa ke buƙata. Na biyu ya ce a ƙaro sakamakon gwaji tukuna, bai faɗi da wane kuɗi za a yi gwajin ba. Na uku ya yaba, sannan ya rage maki saboda mai nema ba shi da ɗakin gwaji.

Ashe kafin kwamiti ya zauna, Hukuma kan tambayi jami'a ko mai nema na da wurin aiki. Shugaban sashe ya rubuta gaskiya. An karɓe ɗaki don ba tallafi, an hana tallafi don ba ɗaki.

Na ce ya je ya same su, ya nuna musu hannunsa. Ya ce, "In samu wa? Ba mutum ba ne, Amarya. Kowa a cikinsu aikinsa ya yi daidai."

Shi ne abin da na kasa haɗiyewa. Ko mugu ɗaya babu a labarin nan.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Ya yi ta kiran abokansa na wasu jami'o'i ko akwai mai karɓar kejin. Kowa na fama da nasa. Ɗaya ya ce shi ma nasa ɓerayen kyauta yake neman bayarwa.

Yau kuma kwamitin kula da lafiya na jami'a ya leƙa siton. Sun ce ba a ajiye sauro a wurin da ba shi da ƙofa biyu, ba a kuma ciyar da su da hannu ba tare da izini ba. Sun ba shi zuwa Juma'ar makon gobe. Saki kuwa ba zai yiwu ba, sauron da magani ba ya kashewa ne. Sai dai firiza, sanyi ya kashe su.

Da suka tafi ya je ya ba su jini kamar kullum.

Juma'a, 24 ga Oktoba

Na bi shi ba tare da ya ce in zo ba. Malamar kifi ta ara mana babbar firizarta, ta fita ta ba mu wuri. Ya tafasa ruwa ya zuba wa tsutsotsin da kansa. Ya ɗauko kejin farko, ya kawo bakin firiza, ya tsaya. Sanyi na ta fita, shi yana tsaye. Can ya ajiye a ƙasa ya ce bari ya duba wani abu a ofis.

Na jira. Na san ba abin da zai duba.

Keji ba nauyi, kamar kwali. Na jera su uku, na rufe.

Asabar, 25 ga Oktoba

Bai fita ba yau. Na yi wanki, na share gida, na kira Yaya na ce ta tambayi mijinta ko kujerar na nan. Ban shawarci kowa ba. Ta ce, "Muryarki ce wannan?" Na ce mura ce.

Da rana yana zaune a falo ya kira ni. Bai dube ni ba, ya ce, "Sun daɗe?"

Na ce a'a, ina rufewa suka yi tsit.

Ba haka ba ne. Na kara kunnena a murfin, na daɗe ina jin kukansu siriri, yana raguwa, yana raguwa, har na rasa ko su ne ko injin. Ban buɗe ba. Ban ma yi tunanin buɗewa ba.

Ya gyaɗa kai, ya ce, "Alhamdu lillahi." Na tambaye shi me zai ci.