Kwamfutar Kawu Gimba Ta Iso Enugu a Motar Shanu

Uwani, Enugu.

Zuwa ga Yayata Amatullahi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigida da yara. Allah ya ƙara wa Hajiya Kande sauƙin ƙafar nan, ya ba ki ladan jinya. Mu nan lafiya lau, sai ruwan sama da ba ya gajiya. Baba ya rage zaman kasuwar Kenyatta, amma faɗansa na nan yadda kika bar shi.

Yaya, gyara zama, ƙanwarki ta yi nasara! Kin san ƙungiyar dillalanmu ta Enugu da Anaca da Fatakwal ta sayi manyan kwamfutoci uku, don bibiyar motocin shanu da na kaya ta dawo hannunmu, mu daina haya wajen kamfanin waje. Ni aka ba haɗa su, aka ce in abin bai tashi kafin Babbar Sallah ba za a ba wani. Su ukun aiki ɗaya suke yi, in ɗaya ta mutu sauran su ɗauke nauyinta ba wanda ya ji. Amma dole sai suna ɗaki ɗaya, da gajerun wayoyi masu sauri, da layin da suke sauraron juna a kai, da wani daban na ajiyar bayanai, kowanne kuma da na ko-ta-kwana.

To, kafin in ankara dattawa sun raba su kamar naman watanda! Kowane gari ɗaya, wai kada wani ya ce an raina shi. Na yi bayani har muryata ta dishe, a banza. Na haɗa su ta intanet haka nan, amma da layi ya ɗan yanke sai kowace ta ga ita kaɗai ce, ta noƙe, aiki ya tsaya cak. Direbobi suka yi ta kirana kamar na ci musu amana.

Mutanen Anaca sun gaji sun aiko da tasu. Kawu Gimba na Fatakwal kuwa ya ce atafau. Ya kafa tasu a ofishinsa na unguwar Trans-Amadi, ya sa mata na'urar sanyin da bai taɓa sa wa kansa ba, duk baƙon da ya zo sai an kai shi ya gani. Ya ce ba da shi za a ƙasƙantar da Fatakwal ba, daga nan ya daina ɗaukar wayata. Wallahi wannan ya fi aikin ci mini rai, don shi ya tsaya mini na yi karatu lokacin da Baba yake ta inda-inda.

Na hau mota na same shi a mayanka, na durƙusa na ce ba gardama ta kawo ni ba. Na ce zan mayar wa ƙungiya aikinta, gara in rasa shi da in rasa Kawuna, kuma har zuciyata na faɗa. Ai sai ya hasala! Ya ce wane isasshe ne zai karɓi aikin 'yarsa yana da rai, in tashi in ba shi wuri. Na dawo ina kuka, ban san me yake nufi ba.

Ran Juma'a sai ga motar shanu an wanke ta fes, kwamfuta a naɗe cikin katifu, Kawu a gaba yana yi wa direba faɗa kan ramuka. Da na gama haɗawa na tara dattawa, na roƙi Kawu ya zare wayar lantarkin kwamfutar tasa da hannunsa. Ya zare yana hararata. Ko gezau! Motoci na ta tafiya a allo kamar ba a yi komai ba. Ya yi kabbara, ya fita yana gaya wa maƙwabta da Turancin buroka wai 'yarsa ce ta yi. Sannan ya dawo ya kafa doka gaban kowa, cewa daga yau ba mai taɓa ko waya ɗaya a ɗakin nan sai da izinin Sharifa, har shi kansa.

Ki gaishe mini da Yaya Muhsin da Hajiya, da Sagiru da Baiwa. Baba da Kawu suna gaishe ku.

Taki har kullum,
Sharifa.