Kwalaben da Harisu Ya Aiko wa Baba

Kano, 9 ga Maris, 2003

Zuwa ga ƙanwata Murja,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ki miƙa gaisuwata ga Baba da Gwaggo Hasana.

Ga saƙo nan na ba Mati direba. Kwalabe shida ne na ƙwayoyi, da zuma da man habbatus sauda daga kantina. Ƙwayoyin nan na ganyayyaki ne zalla, wani kamfani ne ke shigo da su daga waje, kuma ni ne wakilinsu a unguwarmu. An tara mu an yi mana bita ta kwana uku, na ji mutane da kunnena suna shaida cewa sun rabu da ciwon suga kwata-kwata.

Murja, shekara bakwai ke nan Baba yana shan ƙwayar asibiti. Me ta tsinana masa? Kwantar da ciwo kawai take yi. Yanzu Allah ya sa jama'a sun waye, kowa ya koma ga maganin da ba shi da illa. Ki ce masa ya ajiye ta asibitin, don ba a haɗa su. Biyu da safe, biyu da yamma. In sha Allahu kafin damina za ki ba ni labari.

Tun da na bar gida ban taɓa yi wa Baba wani abin kirki ba. Ku bar ni in yi wannan.

Ni ne yayanki,
Harisu

Sandamu, 20 ga Afrilu, 2003

Zuwa ga Yaya Harisu,

Wa alaikumus salam. Muna gaishe ka da iyali, da fatan kasuwa tana albarka.

Saƙo ya iso, mun gode. Da ka ga Baba ran nan! Ya jera kwalaben a kan tabarma a zaure, duk wanda ya shigo sai ya nuna masa, yana cewa, "Harisu ne ya aiko daga Kano. Ai yanzu shi ma likita ne." A ranar ya miƙo mini ragowar ƙwayoyinsa na asibiti, ya ce in tafi da su gidana kada ya manta ya sha.

Gwaggo ce ba ta ji daɗi ba. Ka san ita ke dafa masa zogale da tafasa, ita ke hana shi fura mai suga da shayi. Ta ce da shi, "Malam, ni da na tsufa cikin ganye ban taɓa ce maka zogale zai maye gurbin likita ba. Ka sha zumarka kaɗan, ka sha habbarka, amma kada ka saki waccan." Ya ce mata kishin ɗansa take yi. Kwana biyu ba su yi magana ba.

Yaya, ban fi ka sani ba, ni malamar firamare ce kawai. Amma ko za a bari ya je Daura a auna jininsa tukuna? Watan awonsa ya wuce, ya ƙi zuwa.

Ya ce in rubuta maka cewa ya samu sauƙi sosai, jikinsa ya yi sakayau. To, na rubuta.

Ƙanwarka,
Murja

Kano, 4 ga Mayu, 2003

Ƙanwata Murja,

Salamu alaikum. Na ga takardarki, na yi hamdala da jin Baba ya samu sauƙi. Ban gaya miki ba?

Maganar awo a bar ta sai ya gama kwalaben. In ya je yanzu tsorata shi za su yi, su mayar da shi gidan jiya. In kin ga yana yawan fitsari ko ya ɗan rame, kada ki damu, ciwon ne ke fita. Haka aka koya mana. Ki ba Gwaggo haƙuri, zamani ne ya zo da abin da ba ta sani ba.

Ki gaida kowa.
Harisu

Katsina, 11 ga Yuli, 2003

Yaya,

Assalamu alaikum. Daga asibiti nake rubuto maka. Sau biyu na aika Mati ya gaya maka da baki. Ya ce da ka ji sai ka zauna a bakin kanti ka riƙe kai, ka ce kana tafe. Yau kwana goma sha biyu ba mu gan ka ba. Don haka zan rubuta maka komai, ka karanta da idonka.

Lokacin sharar gona tushiyar kara ta soki Baba a tafin ƙafar hagu. Bai ma ji ba, sai da Gwaggo ta ga jini a takalminsa. Ta wanke da ruwan ɗumi ta ɗaure. Mako biyu ciwo bai kame ba, ta ce a tafi asibiti. Ya ce a'a, saura kwalba biyu ya gama, ba zai ɓata wa ɗansa aiki ba. Aka yi ruwan shuka ya shiga gona da ƙafar a naɗe da tsumma. Ranar da ya kasa tashi sallar azahar, ɗakin ya riga ya fara wari. Maigidana ya nemo mota muka kai shi Daura, suka duba suka turo mu nan.

Sun yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa ranar Talatar waccan. Likita ya ce sugan ya hau inda na'urarsu ta kusa kasa karantawa. Ya tambaye ni yaushe ya daina shan magani. Na ce wata huɗu. Ya ce, "Ke da kika yi boko, kina ina?" 

Ina nan, Yaya. Kullum ina gidan. Tun cikin Afrilu na ga tururuwa na taruwa inda yake kama ruwa a bayan gida. Na ga yana shanye randa, na ga wandonsa yana zamewa daga ƙugu. Ranar da na rubuta maka ya samu sauƙi, na san ba gaskiya ba ne. Ƙwayoyinsa suna cikin akwatina a gida, tafiyar minti biyar. Sau uku ina ɗauko su in sa a jaka, in na iso na tarar yana yabonka gaban mutane sai in koma da su. Na ji tsoron ka ce na raina ka, na ji tsoron ya ce ni ma kishi nake yi.

Na kwana biyu ina jin haushinka. Yanzu ban san wanda zan fi jin haushi ba, kai ko ni.

Ya farfaɗo, yana cin abinci. Duk wanda ya turo ƙofa sai ya ɗaga kai.

Murja

Kano, 19 ga Yuli, 2003

Murja,

Amin, wa alaikumus salam. Yaya jikin Baba? Allah ya ƙara sauƙi, ya saka miki da alheri, ke da maigidanki da Gwaggo.

Kada ki ɗora wa kanki. Ke tsoro kika ji, ni kuwa na sani. A jikin kowace kwalba, can ƙasa, akwai ƙananan rubutu da Turanci. Yana cewa wannan ƙarin abinci ne, ba ya warkar da wata cuta, kuma mai shan magani ya tuntuɓi likitansa. Na karanta shi tun ranar farko ta bita. Na ɗaga hannu na tambaya, mai koyar da mu ya yi dariya ya ce dokar ƙasarsu ce ta tilasta musu rubuta haka. Na ga kowa ya yi dariya, ni ma na yi. Maganar ba a haɗa shi da na asibiti ma ba shi ya faɗa ba. Ni na ƙara, don in Baba ya warke kada a ce ƙwayar likita ce ta yi aiki. So nake a ce Harisu ne.

Na kwashe kwalaben daga kanti. Na bi gidajen mutum tara da na sayar wa, na ce su koma asibiti. Wata tsohuwa ta sa mini albarka don na damu da ita, na fito ina kuka a titi.

Sau biyu na je tasha. Na biyun har na zauna a mota, da aka kusa cika na sauka. Da wane ido zan kalli wurin da ƙafar take? Ki karanta masa wannan takarda duka, kada ki tsallake ko layi ɗaya. In ya ce kada in zo, ya yi daidai.

Yayanki,
Harisu

Sandamu, 2 ga Agusta, 2003

Yaya Harisu,

Salamu alaikum. An sallame mu, mun dawo gida ranar Litinin. Ya koma kan ƙwayoyinsa, Gwaggo ta koma kan zogalenta, likita ma ya ce ta ci gaba.

Na karanta masa kamar yadda ka ce, ban rage komai ba.  Sannan ya ce in ɗauko biro, ga abin da ya faɗa:

"Harisu, jikina ne, na riga ku duka sanin maganin ba ya yi. Tun sati na uku na sani. Na yi shiru ne don na riga na cika baki da kai a gari, kuma na ga karon farko ka aiko da abu kana alfahari. Ƙafa ta tafi, ba za ta dawo ba. An kawo mini sanduna, Amadu mijin ƙanwarka yana koya mini tafiya, amma shi suruki ne, ina jin nauyin in faɗa a jikinsa. Ban yafe maka a takarda ba. In kana so, ka zo ka ji da bakina."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Gero ya yi kyau bana, bai gani ba tukuna.

Ƙanwarka,
Murja

Kano, 5 ga Agusta, 2003

Murja,

Salamu alaikum. Na ba Mati jakata tun yau, don kada in sami hanyar fasawa. Zan biyo motarsa ranar Juma'a da safe.

Kada ki gaya wa Baba. Ki fito bakin titi ki tarye ni. Ba na jin zan iya shiga zauren nan ni kaɗai.

Harisu