Ni Aka Ce In Riƙe Har Manya Su Iso

Zuwa ga Shugaban ƙungiyarmu ta wasan kurket, Injiniya Alhaji Sabo, da sauran 'yan kwamiti masu girma.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya. Ya iyali, ya aiki, ya kuma gajiyar hanya? Na sa hanya a gaisuwar ne don na san ku da ita ba a rabuwa.

Ni ne Hamisu na shagon taya da ke Takoma Park, wanda yake buɗe muku bugu tun shekarar da na shiga ƙungiya. Na gabatar da kaina ne saboda wasunku ba su taɓa ganin farkon bugun nawa ba. Ƙarshensa kawai suke tararwa.

Ranar Lahadi na ga sanarwa a zaurenmu na waya cewa an sauke ni daga mai buɗe bugu zuwa na goma, a wasan kusa da na ƙarshe da za mu yi Asabar mai zuwa a Germantown. An ce Kamal, ɗan ƙanwar Shugaba, shi zai hau wurina. Dalili kuwa, wai ina cinye ƙwallaye ba na kawo maki, wai wasan oba ashirin, kowace oba jifa shida, ba na masu jan ƙafa ba ne. Har da lissafi aka saka, mai ɗigo a tsakiya. Tunda a gaban jama'a aka faɗa, ku yi haƙuri in amsa a gaban jama'a.

Ban yi boko mai nisa ba, ba kuma a kwaleji na koyi kurket kamar ku ba. A bayan shago na koya, wurin 'yan Pakistan da muke aiki tare, da ƙwallon tanis da aka naɗe da salatif. Lissafin nan naku ban iya shi ba, ba na kuma musun sa. Abin da nake so in faɗa shi ne inda aka samo lambar.

Na ɗaya. Maganarku gaskiya ce, kada a ce na yi gardama da ilimi. A gajeren wasa, oba shida na farko su ne na ganima. Masu tsaro suna kusa, bayansu fili ne fetal, duk wanda ya ɗaga ƙwallo ta wuce kansu ya ci banza. Mai buɗe bugu ya kamata ya buga. Na sani, ni ma ina kallo a talabijin, hannuna ma yana ƙaiƙayi. Sai dai waɗanda muke kallo a talabijin, idan ɗayansu ya fita, akwai na uku zaune da kariyar ƙafa a ɗaure yana jira. Ni idan na waiga bencinmu, abin da nake gani shi ne kular ruwa, da jakar sanduna, da yara uku masu jifa waɗanda ko riƙe sanda ba su gama koya ba.

Na biyu, kuma nan ne maganar take. Ranka ya daɗe, a ina na uku da na huɗu da na biyar suke idan aka fara wasa? Suna kan hanya. Kai da Barista da Alhaji Ɗanjuma kuna taho daga Woodbridge a mota ɗaya, kuma tun da nake ban taɓa jin ranar da titin 95 ya yi muku adalci ba. Mu da muke shan bas da jirgin ƙasa muna isowa, mu ja tabarmar bugu mu shimfiɗa, mu kafa sanduna, mu gaisa da alƙalin wasa. Idan an jefa kwabo muka ci, kullum bugu muke zaɓa. Abokan karawa suna tsammanin dabara ce. Ba su san ba mu kai mutanen da za su tsare fili ba ne.

To sai in shiga. Kafin in gama gyara hular kwano, waya ta yi ƙara a benci, sai a ɗaga murya a ce in riƙe, Shugaba ya ce kada in kuskura in fita, yanzu suka wuce Springfield. Sai in riƙe. Ƙwallon da ya kamata in aika bayan bishiyoyi sai in kwantar da ita a gaban ƙafata kamar mai ajiye ƙwai. Can a ce in ƙara haƙuri, an yi hatsari wajen gada. In ƙara. Wallahi har ta kai ina gane yanayin titin 270, wanda kuke ƙarasowa ta kansa, daga tsakiyar fili, ba tare da na saurari rediyo ba. Idan na ji an yi shiru a benci, na san cunkoso ya yi tsanani.

Sai ga motarku ta shigo. Ku fito a natse, ku gaisa da kowa, a tambayi iyali, a sha ruwa, a ɗaura kariya. Daga nan sai Shugaba ya dubi allo, ya riƙe haɓa, ya ce wai me yaron nan yake yi tun ɗazu? Sai umarni ya juya: buga mana, Hamisu, ko ka ba mutane wuri. A lokacin masu tsaro sun riga sun bazu har bakin iyaka, ganima ta wuce. In ɗaga ƙwallo, a cafe, in fito. Ku shiga da sabon ƙarfi ku yi abin da ya sawwaƙa. Da yamma a yi lissafi, a gano cewa ni ne matsalar ƙungiya. Madalla da wannan bincike.

Na uku. Ina neman afuwar Baba Dakta Luka, abokin buɗe buguna, don shi kaɗai ne babban da yake riga mu zuwa, kuma bai taɓa ɗaga mini murya ba. Amma Baba ya haife ni, gwiwarsa kuma ta yi aikinta ta gama. A kurket, idan ka buga, sai kun yi gudu kun musanya wuri da abokinka ake samun maki, don haka ihu kake yi masa: zo, ko tsaya. Ku gaya mini, da wane baki zan daka wa Baba Dakta tsawa in ce zo? Sai dai in ce, Baba, ko za a ɗan taɓa? Kafin ya duba, ya auna, ya ɗaga mini tafin hannu ya ce bar shi ɗana, ƙwallo ta dawo hannun mai jifa. Ga ciyawar filin nan da hukuma ba ta aske ta sosai, duk ƙwallon da ta bi ƙasa sai ta mutu a hanya, makin da ke cikinta na gudu ne kawai. Sau ɗaya na yi ƙarfin hali na kira shi da ƙarfi, ya taho, aka fitar da shi a tsakiya. Barista da kansa ya ja ni gefe ya ce ba tarbiyya ba ce a sa dattijo tsere a gaban baƙi. Na karɓi faɗan. Ban san ladabin da aka koya mini ranar nan za a zo a cire shi daga makina ba.

Na huɗu. Ba ni da komai da Kamal. Yaro ne mai hannu, idan ya sami ƙwallo tana jin jiki. Amma a nan ƙasar waje aka haife shi, idan an yi masa Hausa da Turanci yake amsawa, kuma ban taɓa ganin ya bar ƙwallo ta wuce don wani yana Springfield ba. Zai buga tun daga ta farko. Wata rana zai kawo maki mai yawa, wata rana ya fito kafin ku bar unguwarku. Ina so in san wa kwamiti ya tanada ranar, don a sanarwar ban ga an yi maganar titi ba.

Wataƙila ku ce wasa ne, me ya yi zafi. A gare ku wasa ne. Ni kwana shida ina durƙushe gaban tayoyin mutane, ba wanda ya san sunana sai wanda ya karanta a rigata. Asabar ce kaɗai ake kiran Hamisu in fito gaba, ni ne na fari. Wurin nan ba roƙonsa na yi ba, da haƙuri na riƙe shi, haƙurin kuma ku kuka yi odarsa.

Don haka ga roƙona. A bar ni in buɗe bugu ranar Asabar. Manya su taimaka su iso kafin a jefa kwabo, ko da sau ɗayan nan ne, don in ga yadda bencinmu yake idan da mutane. A haɗa ni da Kamal, wanda zan iya yi wa ihu ba tare da an kira ni gefe ba, Baba Dakta ya huta ya shigo daga baya. Kada kowa ya ce mini riƙe. Idan aka yi haka kuka ga har yanzu ina jan ƙafa, ba sai an yi sanarwa ba, da kaina zan koma na goma, har in riƙa kai muku ruwa.

Idan kuma kwamiti ya tsaya a kan bakansa, na bi. Zan zo da wuri yadda na saba, zan shimfiɗa tabarma, zan kafa sanduna, in sami inuwa in zauna a matsayina na na goma. Amma idan aka fitar da mutum biyu tun da sauran safiya, benci ya zama wayam, waya ta yi ƙara aka ce Hamisu ya shiga ya riƙe, ina roƙon a gaya wa Shugaba cewa Hamisu yana kan hanya.

Allah ya ƙara wa Shugaba lafiya da girma, ya ba ƙungiyarmu nasara, ya ba Baba Dakta sauƙin gwiwa, ya kuma buɗe muku titin 95 ranar Asabar.

Wassalam. Naku mai biyayya,
Hamisu, na goma.