Muryar Baba da Ka Ce Ni Na Goge

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka, ya ƙara maka buɗi a aikin nan naka da ba ya barin mutum ya zo ganin gida. Mu nan lafiya lau, sai kewar Baba, Allah ya jiƙansa ya sa ya huta. Ƙafar Gwaggo ta yi sauƙi, har tana takawa zuwa bakin ƙofa ba sanda. Kawu yana nan yadda ka san shi, baki ba ya hutawa. Baban yara ya koma aiki, yaran sun koma makaranta, sai ƙaramar ce har yanzu take leƙa ɗakin Baba da safe ta dawo tana tambayata ina ya tafi.

Na ga kiranka, na gani sarai. Wayar ba ta lalace ba, ƙin ɗauka na yi. Na san abin da ke hana ka sukuni: kana so ka ji ko Baba ya yafe maka maganganun da ka yaɓa masa a tsakar gida ranar da za ka tafi, har ka ce da shi rayuwarsa ta ƙare a tsakanin zarto da ƙusa. Zan zo kan wannan. Amma tunda ka gaya wa Kawu da Gwaggo wai ni na goge muryar Baba saboda jahilci, bari in tuna maka yadda aka yi, don na lura injiniyoyi akwai saurin mantuwa.

Da likita ya ce ciwon ya ci jiki, na ce ka zo. Ka ce aiki. Maimakon kai sai ga kwali, da tsohuwar kwamfutarka a ciki da makirufo mai doguwar waya, wai a riƙa ɗaukar muryar Baba ana ajiye maka. Na ce ai wayata ma tana ɗaukar murya, ka yi dariyar nan taka ta hanci, ka ce sautin waya na 'yan koyo ne, kai mai tsabta kake so. Na buɗe kwamfutar, ba hoto ba abin dannawa, baƙin allo ne kawai da wani ɗan farin ɗigo yana ƙifta mini ido. Ka karanto mini layi guda, harafi bayan harafi, na rubuta: sunan manhajar, wasu haruffa da 'yan sanduna, sai sunan fayil ɗin a ƙarshe, baba. Ka ce kullum in danna kibiyar sama, layin zai dawo da kansa, in buga babban maɓalli, lambobi su fara gudu, in an gama in danne maɓallai biyu tare ta tsaya. Na tambaye ka ko akwai abin da zan riƙa canzawa. Ka ce kada in kuskura in taɓa ko harafi ɗaya, zan ɓata maka aiki. Saƙon muryar da ka faɗi haka a ciki yana nan a wayata, jiya ma na kunna wa Kawu ya ji da kunnensa, kuma shi ne karo na farko da na ga bakinsa ya mutu.

Ka san Baba ba mai magana ba ne, amma don kai sai ga shi ya buɗe baki. Kowace safiya sai ya sa na ɗauko masa rigar fita da hula, wai ba zai yi magana da ɗansa cikin rigar barci ba. In jingina shi da filo, in kashe fanka saboda ka ce ƙararta tana ɓata sauti, ya zauna yana zufa yana haƙuri. Ƙafar makirufon ta karye tun a hanya, ni nake riƙe shi a bakinsa har hannuna ya sage. Kafin ya fara sai ya tambaye ni ko kana jinsa, in ce za ka ji. Ya ba da labarin yadda ya koyi kafinta, da yadda ake ƙwanƙwasa katako a gane ya bushe ko da sauran ruwa. Ya faɗi yadda ya fara ganin marigayiya Inna, an kira shi gyaran ƙofa a gidansu, ya gyara ta a karkace da gangan don a sake kiransa. Ranar ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Wata rana ma ya rera waƙar da uwarsa take yi masa yana yaro, wadda ko Gwaggo ta manta da ita. Sau nawa na ce ka karɓi abin da aka ɗauka ka saurara? Ka ce in bari su taru, za ka kwashe gaba ɗaya in ka sami sarari.

Ka sami sararin bayan an binne shi. Ka kira ni, ka sa na rubuta kalmar da take jero abin da ke cikin kwamfutar, sai ga layi ɗaya tak. Ka ce in sake dubawa, na sake, ɗaya ne. Sannan ka ce manhajar ba ta tambaya, in ta tarar da fayil mai suna iri ɗaya sai ta share shi ta rubuta sabo a kansa, da ma kamata ya yi a riƙa canza sunan kullum. Wato duk safiyar da na buga maɓallin nan ina binne maganar jiya, da yatsana, da umarninka. Wallahi Auta, da kai ne a gabana a lokacin, ban san abin da zan yi maka ba. Ko haƙuri ba ka ba ni ba, sai ka ajiye waya ka bi dangi kana wanke kanka da sunana.

Fayil ɗin da ya rage na ranar da muka kai shi asibiti ne, zan aiko maka, ai naka ne. Babu magana a ciki. Akwai numfashinsa, da ƙarar cokali a kofi, da muryata ina lallashinsa ya sha magani, can ƙarshe za ka ji ya ce in kashe abin nan ya gaji. Sautin kam ya fita tas, ba ko ƙura, yadda kake so.

To, ga amsar tambayarka. E, ya yi maganarka. Ana saura 'yan kwanaki jikin ya rikice, ya ce yau da Auta kaɗai zai yi magana, in fita. Na ce in na fita wa zai riƙe makirufon, sai ya ce to in zauna amma in toshe kunnena. Ban toshe ba. Ya daɗe yana magana, tun daga ranar da aka haife ka har ranar tsakar gida, ya faɗi abin da ke ransa a kanka bai rage komai ba, ya yi kuka, abin da ban taɓa gani ba ko ranar rasuwar Inna. Da ya gama ya sa na rantse zan tabbatar fayil ɗin ya isa gare ka. Washegari na danna kibiyar sama kamar yadda ka koya mini.

Yanzu maganar nan babu ita a ko'ina sai a kaina, kuma ban manta ko kalma ɗaya ba. Ba zan faɗa maka a waya ba, ba zan rubuta ba, kada kuma ka turo Kawu ko matarka su roƙe ni, don rantsuwata a kan fayil na yi ta, ba a kan bakina ba. Ko yafiya ce ko akasinta, ka zauna da tambayar kamar yadda ya zauna yana tambaya ko kana jinsa. Na san za ka ce to bari ka taho gida mu zauna. Ka taho, ɗakinka yana nan a share, amma ban yi maka alkawarin komai ba.

Gwaggo tana gaishe ka, Kawu ma ya ce a gaishe ka, da sanyin murya dai. Baban yara da yaran suna gaisuwa. Ka gaishe mini da matarka, ka shafa mini kan jaririn da kakansa bai taɓa jin kukansa ba. Allah ya ba ka tsawon rai, Auta, mai tsawo sosai.

Ni ce yayarka, wadda ta riƙe makirufon.